Na'urar da aka laƙa a kwandon shara: yadda shirin biyan kuɗin shara bisa nauyi ya rushe a Ingila

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, malamaina, iyayena da 'yan'uwana, ina godiya da damar da aka ba ni. Abin da zan yi magana a kansa ya faru ne a Ingila tsakanin shekarar 2006 da 2011, kuma ya shafi kwandon shara mai taya wanda ƙananan hukumomi ke raba wa gidaje a can.

Sai mun fara da kuɗi kafin mu fahimci rigimar. Dokar kare muhalli ta 1990 ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kwashe sharar gidaje ba tare da sun karɓi wani kuɗi na daban a kan sharar yau da kullum ba, domin an riga an haɗa shi cikin harajin gidaje. Saboda haka maƙwabta biyu masu gida iri ɗaya kuɗi ɗaya suke biya, ko da ɗaya yana cika kwandonsa maƙil kowane mako, ɗayan kuwa yana wahalar ware kwalabe da takardu da gwangwanaye domin a sake sarrafa su. A 1996 gwamnati ta sa haraji na fam 7 a kan kowane tan na sharar da aka binne a juji, kuma harajin ya yi ta hawa har ya kai fam 48 a 2010. Ga kuma umarnin Tarayyar Turai na 1999 da ya tilasta rage binne sharar da ke ruɓewa, saboda iskar da take fitarwa tana ɗumama duniya. Ƙananan hukumomi, waɗanda nauyin wannan haraji da umarni ya faɗa a kansu, sun shiga tsaka mai wuya.

A nan ne 'yar na'urar da ake kira RFID ta shigo. Ana laƙa ta a ƙarƙashin leɓen kwandon. Ba ta da batir, ba ta da kyamara, ba ta jin magana, kuma ba ta san abin da ke cikin kwandon ba. Lamba kawai take ɗauke da ita. Idan motar kwashe shara ta ɗaga kwandon, wata na'ura a jikin motar takan karanta lambar ta hanyar igiyar rediyo, sikeli ya auna kwandon kafin a juye shi da bayan an juye, sai kwamfutar hukuma ta haɗa lambar da adireshin gidan. Ta haka za a iya cajin kowane gida gwargwadon nauyin shararsa.

A watan Agusta na 2006 jaridar Mail on Sunday ta bayyana cewa an riga an laƙa wa kimanin kwanduna 500,000 wannan na'ura, kuma yawancin masu gidajen ba su da labari. Wannan, a ganina, shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Jami'ai sun ce manufarsu ita ce gane kwandon da ya ɓata da tattara alƙaluma, amma mutumin da ya duba leɓen kwandonsa ya tarar da abin da ba a faɗa masa ba, da wuya ya sake yarda da wani bayani daga bakin wanda ya ɓoye masa. Wasu suka riƙa ɓamɓare na'urar da hannunsu. Jaridu suka raɗa wa shirin suna harajin kwandon shara, sunan kuma ya bi shi har kabarinsa.

Ina so in tsaya a kan ƙorafin jama'a, domin ba dukkansa ba ne tsoro marar tushe. Iyali mai yara da yawa, musamman mai jarirai, dole ne ya fi tara shara, kuma sau da yawa irin wannan iyalin ne ya fi ƙarancin hali. Kwandon yana kwana a bakin titi ba kulle, don haka wani zai iya zuba tasa sharar a cikin na maƙwabcinsa. Sannan akwai tsoron zubar da shara a ɓoye ko ƙona ta a bayan gida, abin da mu ma muka sani: idan yaron da ke kwashe shara a baro ya ƙara kuɗi, wasu gidaje sukan jira dare su juye tasu a kwata. Su kansu na'urorin ba su gamsar ba, domin ƙaramar hukumar South Norfolk ta dakatar da gwajinta a 2008 saboda awon bai zama abin dogaro ba. Duk waɗannan matsaloli ne masu magani, kamar rangwame ga manyan iyalai da kwando mai kulle, da an fara zama da jama'a a kansu. Ai a wasu ƙasashe tsarin yana aiki: Koriya ta Kudu tana cajin shara gwargwadon yawanta tun 1995, haka ma garuruwa da dama a Jamus da Beljiyam.

Dokar sauyin yanayi ta 2008, a zamanin firaminista Gordon Brown, ta ba da izinin ƙananan hukumomi biyar su gwada tsarin cajin shara, amma ko ɗaya ba ta nema ba. Duk da haka aka ci gaba da laƙa na'urorin: a watan Maris na 2010 ƙungiyar Big Brother Watch mai fafutukar kare sirrin jama'a ta ce hukumomi 68 sun sa su a kwandunan gidaje miliyan 2.6. Da gwamnatin David Cameron ta hau a wannan shekarar, ministan ƙananan hukumomi Eric Pickles ya sanar da watsi da shirin, aka kuma soke izinin a wata doka ta 2011.

Abin lura shi ne, ƙaramar hukumar Windsor da Maidenhead ta yi amfani da irin wannan na'urar tun 2009 wajen auna kayan da gidaje suka ware domin sake sarrafawa, tana ba su maki da suke canzawa a shaguna, kuma gwamnatin da ta soke cajin ita ce ta yaba wa wannan tsari. Shi kuwa harajin juji ya kai fam 80 a 2014, ya haura fam 100 a 2023, kuma har yanzu mai ware shararsa da marar warewa tare suke ɗaukar nauyinsa.

A nan zan dakata, domin a ba masu tambaya dama.