Maganar gudawa da ɗan uwanmu da ke kwance

Shugaba ranka ya daɗe ka yi min haƙuri, rahoton kwamitin walwala sai a ƙarshe zan taɓa shi, akwai abin da ya tsaya min a rai kuma in ban amayar da shi ba bazan samu sukuni ba.

Da yawanku kun ji an kwantar da ɗan uwanmu a asibiti, bazan kama suna ba don ya roƙe ni. Gudawa ce da amai, abin nan da muke cewa ai ba komai ba ne gobe zai wuce. Shi kaɗai ne a ɗakinsa, ya daina cin abinci, ya rage shan ruwa wai don cikin ya tsaya tunda duk abin da ya sha fita yake yi. Lokacin da aka shiga wajensa leɓensa duk ya tsattsage, ido ya faɗa, ya ce rabonsa da fitsari tun jiya, miƙewa ma sai da aka riƙe shi. Likita ya ce ƙodarsa ta fara taɓuwa saboda ruwan jikinsa ya ƙare. Alhamdulillah an yi masa ƙarin ruwa yana samun sauƙi. Amma abin da ya fi ƙona min rai, bawan Allahn nan yana cikin guruf ɗinmu, yana karanta saƙonni, bai ce uffan ba. Kunya ce ta hana shi, wai ta ya zai buɗe baki ya ce zawo yake yi.

Haba 'yan uwa. A gida in ka kwanta ai ba sai ka yi magana ba, mahaifiyarka daga jin tafiyarka ta san ba lafiya, kafin ka ce wani abu an tsaya a kanka. A nan da muke nesa da gida wa zai ƙwanƙwasa maka ƙofa? Mu ne uwa mu ne uba, in ba mu ba babu kowa.

Toh ku saurara da kyau. Yawancin gudawa ita da kanta take tsayawa cikin 'yan kwanaki, abin da ke kai mutum ƙasa shi ne ruwa da gishirin da jiki ke zubarwa ba a mayar masa ba. Saboda haka maganin farko ruwan gishiri da sukari ne, ORS, ana samun sa a ƙunshe a kowane kemis ba sai da takardar likita ba, ka haɗa daidai yadda aka rubuta a jiki. In babu, lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe ba da tozo ba, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ka ɗanɗana, kar gishirinsa ya fi na hawaye, in ya fi zubar ka sake, gishiri in ya yi yawa haɗari ne musamman ga yaro. Wanda ya kai awa 24 da haɗawa shi ma a zubar. Sukarin nan ba don daɗi aka sa shi ba, shi ne yake jan gishirin ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi su, shi yasa ruwa zalla baya wadatarwa in gudawar ta yi ƙarfi. Kuma kar wani ya raina shi. A 1971 a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh kwalara ta ɓarke, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, wani likita ɗan Indiya Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba mutane wannan haɗin ta baki, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Wannan abin ne ɗan uwanmu bai da shi ko ƙunshi ɗaya a ɗakinsa.

Zaku ce ai amai ake yi ta ya za a sha. Kurɓi kaɗan kaɗan, da cokali ma in ta kama, in an amayar a dakata minti 10 a ci gaba a hankali, ba duka ne ke fita ba. Iyayenmu mata wannan taku ce, yaron da bai kai shekara 2 ba duk bayan gidan da ya yi a ba shi ORS mililita (mil) 50 zuwa 100, ɗan shekara 2 zuwa 10 mil 100 zuwa 200, babba ya sha iya yadda zai iya. Mai shan nono dan Allah kar a cire shi, a ƙara ba shi ma. Ku tambayi likita ko mai kemis ƙwayar zink, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yaro kwana 10 zuwa 14, tana rage tsawon gudawar. Har yau gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da dubu 400 duk shekara a duniya, ba abin wasa ba ne.

Sai abinci. Wannan maganar ta a bar ciki ya huta a zauna da yunwa, tana cikin abin da ya kai ɗan uwanmu ƙasa. Hanji da abinci yake warkewa. Da zarar amai ya lafa ka ci abu mai sauƙi kaɗan kaɗan akai akai, farar shinkafa, dafaffen dankali, ayaba, burodi, romo marar maiƙo, yogot in cikinka ya karɓa. Ka ɗan nisanci soye soye da yaji da kofi, madara ma wasu tana tayar musu na ɗan lokaci. Lemon kwalba da jus kuwa sukarinsu ya yi yawa, suna jawo ruwa cikin hanji ne su ƙara gudawar. Yaro in ya warke a ƙara masa cin abinci sau ɗaya a rana har sati 2 don ya mayar da jikinsa.

Kuma wallahi halin nan namu na afa Flagyl ko duk antibayotik ɗin da aka tsinta a jaka ya isa haka. Mafi yawan irin wannan ciwon ƙwayar cuta ta bairos ce ke kawo shi, antibayotik ba ta taɓa shi. Ƙwayar tsayar da gudawa ba a ba ƙananan yara, babba ma in da jini ko zazzaɓi kar ya sha. Yayyenmu masu ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda, ku tun ranar farko ku kira likitanku, akwai magungunanku da sai an duba su in jiki ya rasa ruwa. In ka ga jini a bayan gida, ko fitsari ya ɗauke, ko jiri, ko ciwon ciki mai tsanani, ko yaro yana kuka ba hawaye, maɗigarsa ta faɗa, ya yi laushi baya iya sha, babu sauran jira, asibiti. A wanke hannu da sabulu, sanitaiza kaɗai bata maganin wasu daga cikin ƙwayoyin cutar nan, kuma a zauna a gida awa 48 bayan ta tsaya kafin a koma aiki ko makaranta.

Ina alfahari da matasanmu da suka ɗauke shi suka kwana da shi a asibiti washegari suka wuce aiki ba barci, Allah ya saka muku da alheri. Amma asusun walwala da ya kamata ya tallafa masa yanzu da baya aiki, kun san halin da yake ciki, wasunmu wata da watanni ba su biya ba. Dan girman Allah ku biya. Yau shi ne, gobe ba mu san wa ba.

Rahoto a taƙaice, ziyarar barka an je, ta'aziyya an kai, ɗakin taro na wata mai zuwa an kama, sauran yana takarda.

Abin da nake roƙo a amince da shi yau yau ɗin nan, kowane gida ya ajiye ORS, duk mai zaman kaɗaici a haɗa shi da mutum ɗaya da zai riƙa kiran sa, wanda kuma ciwo ya kama ya turo min saƙo ni kaɗai in guruf ne yake jin nauyi, ko da tsakar dare ne. Ga takarda nan tana zagayawa, masu iya kai masa abinci in an sallame shi ku rubuta ranar da zaku iya.