Me ya sa masu nutso suke tsayawa kafin su fito?

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Nima, Mamobi da Sabon Zongo a nan Accra. Bidiyon nan ya zaga wayoyinmu a WhatsApp: mutum uku cikin teku sun riƙe igiya, hasken rana na bisa kansu, amma sun ƙi fitowa. Wasu suka ce iskarsu ta ƙare, wasu suka ce kifin shak ne yake jiransu. Wata Hajiya ma cewa ta yi a taya su da addu'a. Hajiya, Allah ya saka, amma lafiyarsu ƙalau. Da gangan suka tsaya.

Ku dubi nan. Tsibirin Sawo Tome ke nan, a mashigin tekun Gini, kudu maso gabas da mu. Wancan ɗan ƙaramin tsibiri shi ne Rolas, inda layin Ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, ya ratsa. Ga kififiya tana kiwo a gindin dutse, ga ayarin kifin barakuda. Daga Yuli zuwa Oktoba kifayen wel masu doro sukan biyo ta nan. Ni dai kififiyar ce take kama min zuciya, yadda take tafiya cikin natsuwa.

Kayan nutso kuna ganinsu, ba sai na lissafa ba. Abu ɗaya zan gyara: tukunyar da ke bayansu ba oksijin zalla ba ne. Iskar da muke shaƙa ce aka danna a ciki, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin.

To, a nan maganar take. Duk mita 10 da mutum ya sauka, ruwa yana ƙara masa matsi daidai da na iskar duniya da ke kanmu. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Wannan matsi yana tura naitirojin cikin jini da tsoka, ya narke. Muddin kana ƙasa a irin wannan zurfin, ba ka jin komai. Fitowa ce abin tsoro.

Ɗauki kwalbar lemo da aka girgiza. Ka buɗe ta a hankali, gas ya fita shiru. Ka fizge murfin, kumfa ta yi ambaliya. Haka jinin wanda ya yi sama da gaggawa: naitirojin ya zama kumfa, ya maƙale a gaɓoɓi, ko a lakar baya, ko a ƙwaƙwalwa. Ciwon gwiwa da kafaɗa, jiri, wani har jikinsa ya shanye. Maganinsa sai an saka mutum a ɗakin matsin iska.

Shi ya sa ake hawa sannu-sannu, a tsaya a mita 5 na minti 3, ana numfashi, huhu yana fitar da naitirojin. Abin da kuka gani a igiyar nan ke nan. Kuma ba a riƙe numfashi ko kaɗan, domin iskar da aka shaƙa a mita 10 tana kumbura ninki biyu kafin a iso sama, tana iya fasa huhu.

Wani zai ce ai yaran Jamestown, unguwar masunta a bakin tekun Accra, suna nutsewa su fito a guje, ba abin da yake samunsu. Gaskiya ne, malam. Su numfashi ɗaya suka ja a sama, da shi suka sauka, da shi suka dawo. Ba su shaƙi iskar tukunya a ƙasa ba.

Wanda Allah ya nufa da zuwa Sawo Tome, kada ya yi nutso ranar da zai hau jirgin dawowa Accra, don matsin iska a cikin jirgi bai kai na ƙasa ba. Bayan nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12, bayan nutso da yawa awa 18.