Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Lafiya A Cibiyar Binciken Sankarar Mama Da Ta Tayirod

Assalamu alaikum.

Mai girma Ministan Lafiya, shugabannin sassa, likitoci, ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaje-gwaje, 'yan'uwa maza da mata. A madadin ma'aikatan wannan cibiya, ina yi maka barka da zuwa, ranka ya daɗe. Mun san hidimomin da ke kanka, shi ya sa muka ɗauki wannan tattaki naka da girma.

Duk wanda aka gaya wa yana da sankara, abin da yake fara tambaya shi ne: "Likita, zan warke?" Aikinmu a nan shi ne neman amsar gaskiya ga wannan tambaya, domin sanin inda cuta ta dosa shi ke nuna wanda ke buƙatar magani mai ƙarfi da wanda ya kamata a sauƙaƙa wa.

A shekarar 2022, mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a duniya, kimanin 670,000 kuma ta yi ajalinsu. A da, kusan kallon cuta guda ake yi mata. A 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙarin da ke da yawan ƙwayar halittar HER2 ya fi saurin dawowa. Wannan labari marar daɗi shi ya haifi maganin trastuzumab, wanda Amurka ta amince da shi a 1998, ya kuma sauya makomar waɗannan mata. Sannan binciken TAILORx na 2018, da ya haɗa mata sama da 10,000, ya nuna cewa da yawa daga masu ƙaramin ƙari mai dogaro da sinadarin jikin mata na istirojin, wanda bai yaɗu zuwa hammata ba, maganin daƙile sinadarin ya ishe su ba sai an yi musu kemo ba, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara. Wanda ya taɓa jinyar mai shan kemo ya san girman wannan rahama.

Sankarar tayirod, wato ta halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke jawo maƙoƙo, darasinta daban ne. Mutum kusan 820,000 aka gano da ita a 2022, mace-macen ba su kai 50,000 ba. A Koriya ta Kudu, yawan ɗaukar hoton sikanin wuya ya sa adadin waɗanda aka ce suna da ita ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011, amma yawan masu mutuwa bai canza ba. Dubban mutane aka cire wa tayirod, suka koma shan ƙwayar magani har iyakar rayuwa. Wani asibiti mai suna Kuma da ke birnin Kobe a Japan ya bi wata hanya tun 1993: ƙarin da bai wuce santimita 1 ba, a sa masa ido, in ya girma a yi tiyata. Mafi yawa ba su girma ba. Sai dai akwai nau'in anafilastik mai kisa cikin watanni, kuma shi ke hana mu barci, ko da yake haɗin magungunan dabrafenib da trametinib ya kawo sauƙi tun 2018 ga masu sauyin ƙwayar halittar BRAF.

Ranka ya daɗe, duk wannan ilimi ba ya isa ga macen da ba a gwada tsokar ƙarinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu kai shekara 5 a raye bayan gano sankarar mama sun haura kashi 90 cikin 100 a ƙasashe masu arziki, a Afirka ta Kudu kuwa kashi 40 ne. Don haka kukanmu gare ka shi ne a tabbatar kowane ƙari da aka cire an gwada nau'insa kafin a fara magani, a kuma ƙarfafa rajistar masu sankara domin mu riƙa bibiyar majinyata shekara da shekaru, mu san abin da maganinmu ya yi musu.

Muna roƙon ka zagaya ɗakin gwaje-gwajenmu bayan jawabinka. Bismillah, ranka ya daɗe, ga abin magana.