Aikina na farko, ba tare da ƙwayar karatu ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Columbus nake magana, a jihar Ohio ta Amurka. Yau babu zagayen kasuwa, babu girki. Maganar aiki zan yi muku.

Waɗanda suka daɗe da ni a tashar nan sun san akanta na karanta. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, da Adderall na ƙarasa karatun. Magani ne na gaskiya, likitoci na rubuta wa masu larurar ADHD, wato matsalar kasa tattara hankali wuri guda, kuma yana yi musu amfani. Sai dai amfetamin ne a cikinsa, shi ya sa gwamnatin Amurka ta sa shi a rukuni na 2 na magungunan da ake sa wa ido, rukuni ɗaya da hodar ibilis. Ni ba likita ne ya rubuta min ba. A laburare ake miƙa shi hannu da hannu idan jarrabawa ta matso. Ka sha guda, ka kwana a kan littafi, ba yunwa ba gyangyaɗi. Ana nan ana nan guda ta daina isa, har ta kai ko wanki ba na iya yi sai na sha.

A watan Mayun 2022 ɗalibai biyu suka rasu a garin nan, jami'ar Ohio State ta fitar da gargaɗi kan jabun Adderall mai ɗauke da fentanil, wani magani mai ƙarfi dangin heroin da ɗan kaɗan ɗinsa ke iya kisa. Zuwa Oktoba kuma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta sanar cewa na gaskiyar ya yi ƙaranci a shagunan magani. To wanda ke saye a hannun mutane, me yake haɗiya? Tsoron nan ne ya kai ni asibiti.

A can na ji abin da ban sani ba. Mai fama da heroin akwai maganin da ake ɗora shi a kai, irin su methadone. Mu masu ƙwayoyin ƙara kuzari har yau babu wanda FDA ta amince da shi. Abin da ake da shi zama ne da mai ba da shawara, sai wani tsari da ake gwada fitsarinka a kai a kai, in ya fito fes a ba ka ɗan katin sayayya. Kyautar ba ta taka kara ta karya ba, amma bincike ya nuna tsarin na daga cikin waɗanda suka fi aiki, ni ma kuma ya riƙe ni.

Sai ga neman aiki. Ɗalibin waje da ke kan OPT, wato izinin yin aiki na ɗan lokaci bayan gama karatu, idan ya haura kwana 90 ba aiki, takardunsa sun shiga matsala. Ka ga mutum jikinsa na roƙon barci, komai ya fita ransa, ga agogon biza na tafiya. Allah Ya taimake ni na samu gurbi a wani ƙaramin kamfani.

Ƙarshen wata shi ne gwajin. Ana rufe lissafi, Excel a buɗe, alƙaluman banki sun ƙi daidaituwa da namu, ƙarfe shida ta wuce. A teburin da ke kusa da ni akwai wata abokiyar aiki da ke ajiye 'yar kwalbar maganinta mai launin ruwan lemo kusa da kofin shayi. Nata halal ne, likita ya ba ta. Amma duk sanda ta buɗe murfin, ƙarar ƙwayoyin nan har cikin ƙirjina nake jin ta. Nakan tashi in je in yi alwala da ruwan sanyi, in dawo in bi layin ɗaya bayan ɗaya. Aikin da da nake gamawa a dare guda, yanzu sai ya ci min yini biyu. Abin da ya ba ni mamaki, shugabar sashenmu ba ta taɓa ƙorafi kan saurina ba. Kurakurai take dubawa, su kuma sun ragu.

Ban ba ta tarihina ba. Na ce mata kawai ina ganin likita duk yammacin Talata, ta ce to. Dokar ADA ta 1990, wadda ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci a wurin aiki, tana kare wanda ya daina yana karɓar kulawa, ba ta kare wanda ke kan sha. Kai kuma da ke kan biza, kafin ka rubuta komai a fom ɗin shige da fice, nemi lauya tukuna.

A gida, Yaya kaɗai na gaya wa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ƙanina, ai da ka faɗa tun tuni." A wurinmu in an ce shaye-shaye, matashin bakin tasha mai tramol da kodin ake hangowa, ba wanda ke tunanin yaron da aka tura waje yana kawo sakamako mai kyau. Wallahi muna da yawa, kuma kunya ce ke hana mu magana.

In kana Amurka kana cikin wannan hali, kira 1-800-662-4357, kyauta ne, dare da rana, za su haɗa ka da wurin kulawa mafi kusa. In abin ya kai ga tunanin cutar da kai, kira 988.

Mako mai zuwa za a sake rufe lissafi. Na riga na roƙi a ba ni takardun banki tun Litinin don kada aikin ya taru, kuma Yaya zai riƙa kirana bayan isha'i. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba in sha Allahu.