Fodkas: Sifikar Yamaha Mai Farin Faifai da Magabatanta a Situdiyo

Malam: Assalamu alaikum. Injiniya, tun makon jiya masu sauraro ke maimaita tambaya guda: me ya sa masu haɗa sauti har yau suke farautar tsohuwar Yamaha NS-10, alhali an daina ƙera ta tun 2001?

Injiniya: Malam, ba za a gane darajarta ba sai an tuna abin da ta tarar. A 1944 kamfanin Altec na Amurka ya fito da samfurin 604, inda aka dasa ƙaramin ƙaho mai fitar da siririn sauti a tsakiyar babban faifan da ke ba da kaurin sauti, domin duka biyun su fito daga wuri guda. Tannoy ta Ingila ta zo da irin wannan dabara a 1947, sannan JBL ta kawo 4310 a 1968. Waɗannan sifiku ne masu ƙarfi, waɗanda waƙa ke fitowa daga cikinsu da cika da armashi.

Hajiya: To amma mai sauraro a gida ƙaramar rediyo gare shi, kamar yadda yau yawancinmu a waya muke jin waƙa.

Injiniya: Nan gizo ke saƙar, Hajiya. Shi ya sa injiniyoyi suka riƙa ajiye wata 'yar ƙaramar sifika mai suna Auratone 5C a kan teburin haɗa sauti, su ji yadda aikin zai kasance a rediyon mota. Ita kuwa NS-10, Akira Nakamura ne ya tsara ta a Japan, ta fito a 1978 a matsayin sifikar ɗaki, ba ta situdiyo ba, kuma ba ta samu karɓuwa a gidaje ba, saboda tana turo tsakiyar sauti gaba, wurin da muryar mawaƙi take, ba ta kuma ɓoye aibi. Abin da masu gida suka ƙi, shi injiniyoyi irin su Bob Clearmountain suka riƙe hannu bibbiyu.

Hajiya: Shi ne wanda ake dangantawa da rufe ƙaramin bakin sifikar da takardar tishu?

Injiniya: Shi ne. Siririn sautin yana da kaifi, yana gajiyar da kunne idan an daɗe ana aiki, sai aka riƙa manna tishu a kai. Har muhawara aka yi kan irin takardar da ta fi, da ko falle ɗaya za a sa ko biyu. Injiniya Bob Hodas ya zauna ya auna takardu iri-iri, ya gano cewa tishun yana mayar da wani ɓangaren sautin baya ne, yana haddasa tangarɗa.

Hajiya: Ke nan an magance wata matsala an haifar da wata.

Injiniya: Haka ne, kuma a ganina Yamaha ta kyauta da ta saurari masu sana'a, domin a 1987 ta fito da NS-10M Studio, wadda aka rage wa kaifin, aka kuma tsara ta don a kwantar da ita a gefe. Dalilin da kamfanin ya bayar na daina ƙera ta shi ne wahalar samun ɓargon itacen da ake yin farin faifanta mai ba da kaurin sauti da shi.

Malam: Injiniya, mun yi niyyar taɓo LS3/5A, ƙaramar sifikar da BBC ta tsara domin motocin watsa shirye-shirye, amma lokaci ya ci mu. Da ita za mu buɗe mako mai zuwa, in Allah ya yarda.