Shari'ar ɗan Lindbergh: abin da katako ya faɗa a kotu

Jama'ar Damagaram da kewaye masu saurarenmu, barkanmu da war haka. Yau Amurka za mu leƙa, shari'ar da aka yi a garin Flemington na jihar New Jersey a 1935, wadda har gobe masana shari'a ke gardama a kanta.

A daren 1 ga Maris 1932 aka sace ɗan Charles Lindbergh, matuƙin jirgin saman nan da ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a 1927. Yaron watansa 20 a duniya. An nemi dala 50,000, an biya, amma a watan Mayu aka tsinci gawarsa a daji, ba nisa da gidan. Sama da shekara biyu ba a kama kowa ba.

Kuɗin fansar ne suka fara tona asiri. Kafin a miƙa su, sai da aka rubuta lambar kowace takarda. A Satumban 1934 wani mutum ya sha mai a New York, ya biya da takardar dala 10 irin wadda gwamnati ta janye daga hannun jama'a tun 1933. Mai gidan man bai yarda da ita ba, sai ya rubuta lambar motar a jikinta. Motar ta Bruno Richard Hauptmann ce, wani kafinta Bajamushe, kuma a garejinsa aka samu sama da dala 14,000 na kuɗin fansar. Ya ce ajiyar abokinsa Isidor Fisch ce, wanda ya riga ya mutu a Jamus. Matacce dai ba ya zuwa kotu ya musa.

Sai tsanin da aka hau aka shiga ɗakin yaron, wanda ɓarawon ya yar a wurin. Wani masanin itace, Arthur Koehler, ya bi shi katako bayan katako. Ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu an yanko shi ne daga daɓen katakon da ke saman rufin gidan da Hauptmann yake haya: zanen jikin icen ya haɗu da na guntun da ya rage, ramukan ƙusa huɗu sun hau daidai kan ramukan da ke can. Har ƙarfen kankare katakon Hauptmann yana da 'yar tsaga a baki, kuma sawun tsagar na jikin tsanin. Duk kafintan da ke Sabon Gari zai gaya muku kowane ƙarfe da irin sawunsa.

Shaidun baka kuwa, a nan nake da ja. Lindbergh ya rantse cewa muryar Hauptmann ce ya ji a daren da aka miƙa kuɗin fansar a wata maƙabarta, alhali kalma biyu ya ji daga cikin mota, kusan shekara uku kafin nan. John Condon, wanda ya kai kuɗin maƙabarta, da farko ya kasa tabbatar da fuskar, amma a kotu ya nuna shi ba shakka. Ba a samu zanen yatsun Hauptmann a ɗakin yaron ba. A ganina, kuɗi da katako sun ɗaure Hauptmann da wannan ta'asa, amma cewa shi kaɗai ya yi, kuma da hannunsa ya kashe yaron, kamar yadda mai gabatar da ƙara David Wilentz ya dage, ba a nuna shi ƙarara ba. Duk da haka aka yanke masa hukuncin kisa ranar 13 ga Fabrairu 1935, aka zartar ranar 3 ga Afrilu 1936, bai taɓa amsa laifin ba.

Mu dawo gida. 'Yan'uwanmu na Madarumfa da Gidan Rumji sun san zafin garkuwa da mutane. Ana sayar da gona da bisashe, a tara kuɗi cikin buhu a kai daji, ba wanda ya rubuta lambar takarda ko ɗaya. Ba na ganin laifin uban da hankalinsa ya tashi, kuma tsoron kai ƙara wurin jandarmomi yana da dalili. Amma a dangi ba a rasa mai waya da zai ɗauki hoton takardun sefan kafin su fita, ya adana lambar da aka kira da lokacin kiran, ya hana jama'a tattake sawu. Ranar da aka kama wani da kuɗi a aljihu, waɗannan ne mai gabatar da ƙara zai iya ajiyewa gaban alƙali.