Kifi Ruwa Biyu: Gadon Uwa ne ke Aiki ko na Uba?

(Daga laccar da aka naɗa a Mai Wurno, jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, a zaman masunta da ɗalibai)

Assalamu alaikum. Iyayena masunta, ku gafarce ni, yau ɗanku ne zai yi muku zancen kifi, ku da kuka girma da koma a hannu.

Mu ɗauki karfasa, wadda maƙwabtanmu ke kira bulɗi. A kowace ƙwayar jikinta akwai ƙunshin gado 44, masana na ce musu kuromosom, 22 daga uwa, 22 daga uba. Ke nan kowane umarnin halitta kwafi biyu ne. To idan iyayen ba jinsi ɗaya ba ne fa? Masu kiwo kan haɗa macen karfasar Nilu da namijin shuɗiyar karfasa, 'ya'yan su fito kusan duk maza, sun fi saurin girma. A Najeriya kuma tarwaɗa ake haɗawa da ramboshi: ita kuromosom 56, shi 52, ɗan ya tashi da 54.

Ana zaton ɗan ruwa biyu rabi da rabi ne. Ba haka ba ne, jama'a. Gadon abu daban, amfani da shi daban. Kamar gida mai mata biyu ne, duk suna ciki, amma mai girki ce ke hura wuta. A hanta kwafin uwa na iya rinjaye, a tsoka na uba, wani wurin kuma su yi tare. Jiki kan ɗora wa kwafi wani ɗan tambari da ake kira metil, sai ya yi shiru alhali yana nan daram, bai goge ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kifi mai kwafi uku. Akwai wani ɗan kifi ruwa biyu a kogunan Fotugal da Sifaniya, Squalius alburnoides. Binciken da aka buga a 2008 ya nuna mai kwafi uku kan rage aikinsu, har abin da yake samarwa ya yi daidai da na mai biyu. Ikon Allah!

Shi ya sa nake roƙonku, musamman matasa masu haƙa tafki: kada ku ajiye ruwa biyu a matsayin iri. Kwafin da ya yi shiru a jikin ɗa yana iya farkawa a jikin jika, ka ciyar wata shida ka kwashe 'yan firit. Kuma ku sa raga a bakin magudana, kada su sulale cikin Nilu su gauraya da karfasarmu ta asali.

Baba, na ga hannunka tun ɗazu. Bismillah.